Digirin kasuwanci da aljihun Kawu

A layin 'yan hatsi na kasuwar Sabon Garin Zariya, in ka ce likita kake karantawa za a sa maka albarka, in ka ce lauya za a ce Allah ya tsare ka da cin haram. Amma ranar da ka ce kasuwanci ka je jami'a ka koyo, to ka ba mutane abin hira na mako guda. Na sha wannan tsiyar tun daga aji ɗaya har na gama. Da na ɓullo da yamma da jakar littattafai a kafaɗa, sai wani ya ɗaga murya daga kan buhuna: "Ga manaja nan, a kawo masa kujera mai juyawa." Kawu, ƙanin mahaifiyata wanda a hannunsa na tashi, ba ya shiga cikin masu dariyar, amma tasa ta fi shiga jiki. Sai ya bari an yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, shi malamin da ke koya muku kasuwancin, a wane layi rumfarsa take?"

Tambayar tana da nauyi, kuma har yau ƙannenmu masu cike fom ɗin JAMB suna yi mini irinta ta wata fuska. Amsar da nake ba su ita ce, digirin nan ba zai koya maka saye da sayarwa ba. Yaron da ya yi shekara biyu yana awo a gaban ubangidansa ya fi ɗan aji huɗu sanin ciniki nesa ba kusa ba. Abin da karatun yake ba ka shi ne idon da za ka raba kasuwanci da mai shi, ka auna shi shi kaɗai, ka san ko yana girma ko ana cinye shi. A wajenmu wannan ne ya yi ƙaranci.

A zamaninmu sashen gudanar da kasuwanci yana harabar Kongo ne, tare da 'yan akanta, 'yan sha'anin mulki da 'yan lauya, su kuma sauran jama'a suna can Samaru. Daga gidanmu a Tudun Wada da ƙafa nake zuwa. Kongo ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello kanta. A 1947 aka buɗe ta don horar da akawuna, daga baya ta zama cibiyar koyar da sha'anin mulki inda ake kawo ma'aikatan En'e da na gwamnatin Jihar Arewa su ƙaro ilimi, sai da aka kafa jami'ar a 1962 aka haɗa ta ciki. Ɗakin karatunta ma sunan Shugaba Kennedy na Amurka yake ɗauke da shi. Wuri ne da ya daɗe yana fitar da mutanen ofis, mu ma kuma da niyyar ofis akasarinmu muka shigo. 'Ya'yan 'yan kasuwa sun cika ajinmu, daga Kano, Funtuwa, Gusau, har da 'ya'yan Igbo da Yarabawan Sabon Gari da suka fi wasunmu iya Hausa, amma in ka tambayi kowa burinsa sai ka ji banki, kwastan, hukumar tara haraji ko kamfanin mai. Iyayen ma da yawa don ɗansu ya huta da zaman rumfa suka turo shi.

Maganar shiga ba ta da tsawo. Kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, sannan a JAMB ka zauna Turanci, Lissafi, Tattalin Arziki da wani darasi guda na ɓangaren. Shekara huɗu ne in babu yajin aiki. Mai IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ko difloma mai kyau yana iya farawa daga aji biyu. Abin da ba a faɗa wa yara shi ne, wanda ya gudo daga ajin kimiyya saboda tsoron lissafi zai tarar da shi a bakin ƙofa yana jiransa. Akwai lissafin kasuwanci, akwai ƙididdiga, akwai akanta, sannan a gaba akwai kwas ɗin da ake amfani da lissafi wajen yanke shawarar nawa za a sarrafa, nawa za a ajiye, ta wace hanya za a kai kaya. A nan yawancin masu kari-oba, wato maimaita kwas ɗin da aka faɗi, suke samo ta. Kwasa-kwasan surutu irin su talla da kula da ma'aikata kowa yana iya haddace su ya wuce, amma lissafin kuɗin ruwa ko na ƙarewar darajar injin ba ya karɓar hadda. Kuma maki biyar ne ma'aunin: daga 4.50 ne daraja ta ɗaya, daga 3.50 ta biyu mai girma, wadda galibin masu ɗaukar aiki ke nema. Wanda ya yi wasa da aji ɗaya zai yi sauran shekarun yana biyan bashinsa.

Muna aji biyu ASUU ta shiga yajin aikin 2013, tun daga Yuli har Disamba. Abokaina suna ta ƙorafi, ni kuwa Kawu ya ce ai ga lokacin gwada boko ya zo, ya zaunar da ni a sito. Kaka ta same ni a can, motoci suna sauke masara daga Giwa, Soba da Saminaka, ni kuma kaina cike da sunayen Turawan da muka haddace.

Akwai Frederick Taylor, injiniyan Amurka da ya riƙa tsayawa da agogo a kan leburori masu lodin ƙarfe yana auna kowane motsi, ya fitar da tsarinsa a 1911. Ina kallon 'yan dako suna sauke mota sai na ga ashe rabin abin da ya faɗa muna yi tun kafin a haife ni, domin a kan buhu ake biyansu, ba a kan yini ba, shi ya sa ba ka ganin ɗan dako yana jan ƙafa. Akwai kuma Henri Fayol, Bafaranshe mai kula da kamfanin haƙar ma'adinai, da ƙa'idojinsa 14 na 1916. Duk ɗalibin wannan fanni ya taɓa jera su a takardar jarrabawa, kuma duk ya manta su kafin ya kai bakin get. Guda ɗaya ce ta zauna mini, wadda ta ce kowane ma'aikaci daga bakin mutum ɗaya ya kamata ya karɓi umarni. A sitonmu mutum uku ke ba yara umarni: Kawu, babban ɗansa, da wani ƙaninsa da ke zuwa ranar da ya ga dama. Wannan ya ce a ba wane buhu biyar bashi, wancan ya dawo ya tarar an bayar ya hau yaro da faɗa. Yaran kirki biyu muka rasa a haka, kowa kuma yana cewa yaran zamani ne ba su da haƙuri.

Littattafan fannin nan, a ko'ina ake karantar da shi, akasari daga waje aka rubuto su, misalansu kuma Toyota ne da Coca-Cola. A dokar kasuwanci sai ka ga ɗan Zariya ya haddace shari'ar wata mata a Ingila da ta kai ƙarar kamfanin maganin mura a shekarun 1890, saboda sun yi tallar za su ba da fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsu kuma mura ta kama shi, ta kama ta, suka ce wasa suke yi, kotu ta ce sai sun biya. Labari ne mai daɗi, kuma yana koya maka yaushe magana take zama alkawarin da doka za ta kama. Sai dai ba za ka samu dillali a cikin littattafan ba, ko la'ada, ko yadda "albarka" da "na sallama" suke ƙulla cinikin miliyoyi ba tare da alƙalami ya taɓa takarda ba. Allah ya saka wa wani malaminmu da alheri, shi ba ya barin ƙa'ida ta wuce sai ya nuna wani a aji ya ce, "Kai, daga wane gari? Kawo mana misalinta daga kasuwarku." Wanda ya kasa, sai ya ce masa to bai fahimta ba tukuna.

Amma darasin da ya fi yi mini aiki a rayuwa shi ne na makon farko a akanta, wanda muka raina saboda sauƙinsa: kasuwanci mutum ne daban, mai shi mutum ne daban. In mai shago ya zuba kuɗi, shago ya ci bashinsa. In ya ɗiba don kansa, a rubuta ya ɗiba. Kowace naira tana da inda ta fito da inda ta shiga, kuma a rubuta duka biyun. Tun 1494 wani malamin lissafi a Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana wannan tsari kamar yadda 'yan kasuwar Venis suke yin sa.

To ga yadda abin yake a wajen Kawu. Aljihun gefe na jamfarsa shi ne banki, shi ne akawu, shi ne baitulmali. Da safe kafin ya fito, kuɗin cefanen gida biyu daga nan. Yana zama a sito mai shayi zai aiko, a biya daga nan. Wata 'yar'uwa ta zo daga cikin birni da takardar asibiti, hannu ya shiga aljihu. Mai gidan burodi ya kawo kuɗin kayan da ya ɗauka, su shiga aljihun. Direba ya iso daga Giwa, a sallame shi daga ciki. Gudummawar biki, kuɗin Islamiyyar jikoki, gyaran famfon masallacin layi, sadakar Juma'a, duk hanyarsu ɗaya. Bayan la'asar ya zaro abin da ya rage ya ƙirga, in ya fi na jiya kauri ya ce alhamdu lillahi, in bai kai ba ya ce haka kasuwa take.

Ni ban taɓa ganin laifin kyautar ba. Da ita ya zama wanda ya zama, kuma rabin amanar da ake ba shi a kasuwa daga nan ta samo asali. Matsalar ita ce babu mai iya cewa, har shi kansa, ko riba ake ci ko uwar kuɗi. Da na kawo shawarar ya yanka wa kansa albashi duk wata, kallon da ya yi mini sai da na ji kunya. "Ni da dukiyata in ɗauki kaina aiki? To in na makara wa zai kore ni, kai?" Layin gaba ɗaya ya ɗauka, aka yi kwanaki ana ce masa ma'aikaci.

Abin da ya karɓa daga baya ƙarami ne. Na samo gwangwanin madara babba na huda murfinsa, na yanka takardu ƙanana na ajiye kusa da tabarmarsa. Na ce, "Kawu, ɗebi duk abin da ka ga dama, ba mai hana ka. In dai ba na sito ba ne, rubuta adadin ka jefa a nan." Boko bai zauna masa ba amma ajaminsa kamar na mai rubuta allo, don haka da ajami yake rubutawa, wani lokaci har da sunan wanda ya ba, wani lokaci adadin kawai in abin sirri ne. Ƙarshen wata na zazzage gwangwanin a gabansa bayan an rufe, na tara, na faɗa masa jimla. Ya ce in sake. Na sake. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Buhu nawa ke nan?" Na raba da farashin masara na ranar na faɗa masa. Bai ce komai ba, amma washegari ya kira babban ɗansa ya ce daga yau shi ma in ya taɓa kuɗi ya jefa takarda.

Wannan tambaya tasa ta buhu nawa, sai da na kai aji uku muna karanta sarrafa kuɗi na gane zurfinta. Kawu ba ya ƙirga arzikinsa da naira. Abin da yake tambayar kansa duk shekara shi ne, bara da buhu nawa na shiga ajiya, bana kuɗina buhu nawa za su saya? Wannan shi ne abin da littafi ke wahalar bayyanawa a babin hauhawar farashi. A ce ka sayi buhu a kan naira 30,000 da kaka, ka sayar 42,000 bayan wata bakwai. Duk layi za a ce ka ci 12,000. To cire kuɗin mota, dako hawa da sauka, sabon buhu, maganin ƙwari, hayar sito, mai gadi, la'adar dillali, da ramar da masara ke yi in ta ƙarasa bushewa har sai ka yi ciko. A ce duk sun tashi 4,500, saura 7,500. In a shekarar kaya suna tashi da kashi 30 cikin 100, kamar yadda muka gani har fiye da haka a 2024, to 30,000 ɗinka tana bukatar ƙarin sama da 5,000 kafin ta iya sayen abin da take saya ranar da ka fitar da ita. Ribar gaskiya ba ta fi dubu biyu da 'yan kai ba. Wanda ya ɗauki 12,000 ya ƙara aure da ita, jarinsa ya ci, kuma ba zai sani ba sai kaka ta zagayo ya ga motarsa ba ta cika ba. Kawu ya san ƙarshen lissafin da ka. Abin da na ƙara masa shi ne tsakiyar, wato ta wace ƙofa kuɗin suke fita, don a san wadda za a iya rufewa.

Bashi ya fi ba mu wahala. In na yi magana sai ya ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa." Masu gidajen kaji, masu niƙa, mata masu tuwon sayarwa, 'yan kiri da ke auna mudu a unguwanni, duk da bashi suke ɗauka, kuma duk a kansa yake riƙe su. A nan boko bai yi mini rana ba, sai da na bi ta inda ba zai iya musu ba. Na tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya ce ya sani, ai a gaban malaminsa ya karanta ta. Na ce to. Bayan kwana biyu ya aiki yaro ya sayo babban littafi mai bango mai tauri.

Na tsaga shafi gida-gida yadda aka koya mana: wanda bai kai wata ba, wanda ya kai wata uku, wanda ya haura shekara. Ya zauna yana kira ina rubutawa, kuma wallahi ƙwaƙwalwar mutumin nan abin tsoro ce, har ranar kasuwar da aka ɗauki kaya yana tunawa. Da muka zo gidan ƙarshe sai ga mutanen da suka rasu, ga wanda ya koma Legas ba labari, ga wadda aka sake ta ta bar sana'ar. Duk waɗannan a zuciyarsa yana lissafa su cikin dukiyarsa. Ya sa na ja layi a kan da yawa daga ciki, ya ce ya yafe duniya da lahira, a aika a faɗa wa iyalansu. A littafin akanta sunan wannan asarar bashi. A wajensa sadaka ce da ya yi da niyya, maimakon kuɗin da suka narke bai sani ba. Daga nan ƙirgar kaya ta shekara ta zo da sauƙi, domin zakkar dukiyar kasuwanci kashi biyu da rabi cikin ɗari ce, kuma ba ta fita daidai sai ka san hajar da ke ƙasa, kuɗin da ke hannu, da bashin da kake sa ran zai dawo. Da can kintace yake yi ya ƙara a kai don tsoron Allah.

Kada wani ya ɗauka ɗan boko ne ya zo ya ceci ɗan kasuwa. Abin da Kawu ya sani ba ya cikin kowane kwas. Yana damƙar masara ya watsa a tafin hannu ya gaya maka ko ta sha ruwa a gona. Yana jin yadda mutum ya yi sallama ya san ko biya ya zo yi ko ƙarin bashi. Farkon 2023, da aka canza fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, manoman ƙauye suka ƙi karɓar tiransifa, masu POS suna yankar abin da suka ga dama, na ga 'yan kasuwa masu miliyoyi a asusu sun kasa sayen buhu goma. Kawu ya shiga mota ya je wajen mutanen da ya shekara talatin yana hulɗa da su, ya dawo da kaya a kan magana kawai, za a biya in kuɗi sun fito. A aji muna kiran wannan da suna mai kyau, har muna koyon yadda ake sa masa farashi in za a sayar da kamfani. Yadda ake tara shi kuwa, sai ka zauna kusa da mai shi.

Haka kuma littafi bai hana mu faɗuwa ba. Waɗanda suka yi ajiya a kakar 2024 sun san abin da ya biyo baya: gwamnati ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, amfanin gona ya yi kyau, farashi ya yi ta sauka a 2025 a daidai lokacin da aka saba ganin yana hawa. Mu ma ta taɓa mu. Bambancin kawai, mun san nawa kowane buhu ya tsaya mana, mun san abin da ƙarin wata guda a sito zai ci, don haka muka saki kaya da asarar da muka san girmanta. Maƙwabcinmu ya riƙe nasa yana jiran farashin bara, har ƙwari suka raba gardama.

Batun aiki bayan digiri, gara a faɗa wa yara gaskiya. Kusan babu jami'a ko kwalejin fasaha a ƙasar nan da ba ta yaye masu wannan takarda duk shekara, ga kwalejin Nuhu Bamalli nan kusa da mu ita ma tana fitar da nata. Takardar tana shiga ko'ina, amma ba ta da kujerar da aka ajiye mata ita kaɗai kamar ta likita ko injiniya. Bayan bautar ƙasa na yi aikin kwantiragi a wani banki, ana ba ni adadin kuɗin ajiya da zan kawo duk wata, ina yawo rumfa-rumfa da taye a wuya cikin zafin bazara ina roƙon mutanen da suka san ni tun ina yaro su buɗe asusu. Ban daɗe ba. Cikin 'yan ajinmu, waɗanda suka yi nisa su ne waɗanda suka ɗora wani abu a kan digirin: jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN, ko iya sarrafa lissafi a kwamfuta da gaske, ko harkar bankin da ba ruwa, wadda ta buɗe tun da Jaiz ya fara aiki a 2012. Wata 'yar ajinmu da ke zama a layin gaba kullum, yanzu daga ɗakinta a Gyallesu take sayar da kayan ƙamshi da atamfa ta WhatsApp har Fatakwal, kuma ita kaɗai na sani a cikinmu da ke fitar da lissafin riba da asara duk wata kamar za a duba ta. Ni kuma yau littattafan 'yan kasuwa da dama nake riƙewa a layinmu, ciki har da wasu daga masu kiran a kawo mini kujera.

A aji huɗu kowa yana rubuta firojet. Da yawa sukan ɗauki wani banki ko kamfani su raba takardun tambayoyi su haɗa babi biyar. Ni na ce zan duba abin da ke faruwa da sito bayan mai shi ya rasu. Takardar tambaya ba ta yi aiki ba, domin ɗan kasuwa yana ganin biro da fom zai ɗauka mutanen haraji ne suka turo ka, sai na koma zama da dattawa bayan azahar ina jan su da hira. Labarin kusan iri ɗaya ne. Alhaji wane ya yi tashe, motocinsa har Dawanau, ya rasu, aka yi sadakar bakwai, aka zauna rabon gado. Ba a san abin da yake bin mutane ba sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo da kansa, masu binsa kuwa duk sun zo. Aka sayar da kaya, aka sayar da rumfa, kowa ya karɓi rabonsa, bayan shekara kaɗan sunan ma ya ɓace daga layin. Ba rabon gado ne ya kashe kasuwancin ba, domin shari'a ba ta ce dole a sayar ba. Abin da ya kashe shi, babu wani abu tsayayye da za a gada in ban da buhuna da bango, duk sauran yana cikin kan mamacin.

Shi ya sa gidan Alhassan Ɗantata yake ba ni sha'awa. Ya yi fataucin goro, ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, ya rasu a 1955, amma harkar ta ci gaba a hannun 'ya'yansa da sunan kamfani, har Aminu Ɗantata da ya rasu a 2025, kuma Aliko Ɗangote ta wajen uwa jinin gidan ne. Attajirai nawa ne suka yi zamani da shi waɗanda yau ko jikokinsu ba su san inda rumfarsu take ba? In kasuwanci yana da rajista, yana da littafi, yana da asusunsa daban, magada suna iya gadon kaso a cikinsa kowa gwargwadon abin da shari'a ta ba shi, mace da namiji, wanda ya iya ya ci gaba da juyawa, a raba riba duk shekara, wanda yake son fita a saye kasonsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta sauƙaƙa, mutum ɗaya yana iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar CAC ba sai ya nemo na biyu ba.

A nan muka tsaya da Kawu. Gwangwani ya karɓa, littafin bashi ya karɓa, asusun sito daban da nasa ma ya karɓa bayan wahalar 2023. Rajista ce ya ƙi. Ya ce duk wanda ya kai sunansa Abuja ya kira masu haraji da bakinsa, kuma bai ga dalilin da zai sa a yi masa rabon gado yana raye ba. Na ce masa haraji gaskiya ne, akwai shi, kuma akwai takardun da za a riƙa cikewa duk shekara, ban ɓoye masa ba. Na kuma lissafa masa 'ya'yansa, maza da mata, na tambaye shi a cikinsu wa zai iya hana a sayar da sito in ta Allah ta kasance. Ya ce zai yi shawara da malaminsa. Malamin ya ce a kawo masa takardun ya gani, a kuma zo da wanda zai fassara masa su layi-layi, don ba zai ce halal ko haram a kan abin da bai karanta ba. Na kai masa su makon jiya, mun yi shafi huɗu, ya tsaya a kan maganar hannun jari yana tambaya ko mace za ta iya sayar da nata ba tare da izinin 'yan'uwanta ba. Ranar Asabar bayan la'asar za mu ci gaba.